Goggo Kwamfuta Ta Kai Amarya Gabukka

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka kai Safiyya ɗakin mijinta ba, kuma ko da zuciyata ta so ta yi mini rangwame, dangina sun sha alwashin ba za su bari ba. Safiyya 'yar ƙanena Bashari ce. Ni ce babbar goggonta, a hannuna ta yi wayo a gidanmu na Bolari, don haka da aurenta ya tashi babu wanda ya yi musun cewa ni zan riƙe hannunta in shigar da ita ɗakinta. Hannu kam na riƙe. Inda na shigar da ita ne ake ta magana har yau.

Bari dai in fara gaya muku abin da ya jawo, don kada ku ɗauka haka kawai na tashi da iyayi. Mahaifiyarmu, Dada, ruɗewar tsufa ce ta kama ta kafin Allah ya yi mata rasuwa. Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Za ta ɗaura ɗankwali a kai tana cigiyar ɗankwali, ko ta tambaye ka ka ci abinci, ka amsa, ta sake tambaya kafin ka haɗiye loma. Dariya ta ƙare mana ne ranar da ta fita ƙofar gida ta kasa gane hanyar komawa, gidan da ta haife mu duka a cikinsa. A bakin tasha wani direba da ya san mu ya gan ta tana tambayar motar Katsina, wai babanta na jiranta. Ni na je na ɗauko ta. Ta bi ni ne kawai don na yi mata magana da ladabi, amma ba ta gane ni ba.

To, ni ma da na haura hamsin sai na fara kama kaina da ƙananan abubuwa. In shiga ɗaki in tsaya ina zare ido, na manta abin da ya kawo ni. In haɗu da matar da muka yi shekaru muna aiki ofis ɗaya, in yi ta “hajiyata, hajiyata” don sunan ya gudu. Wata rana na ɗora wake a wuta na tafi barka can unguwar Malam Inna, sai maƙwabta ne suka ji ƙauri. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana, amma tsoro ya shige ni sosai. Duk abin da na manta, sai in ga Dada a tsaye a bakin tasha.

Ana haka na ji wani likita a rediyo yana bayani. Ya ce ƙwaƙwalwa ma tana son motsi kamar gwiwa, kuma wasanni irin su dara da kacici-kacici da koyon sabon abu suna taimaka wa mutum ya tsufa da kaifin tunani. Bawan Allah ya faɗi wasu abubuwan, ciki har da barci da tafiya a ƙasa da kula da hawan jini da shiga cikin mutane, ya kuma ce babu wasan da yake rigakafi ne ɗari bisa ɗari. (Wannan ɓangaren duk ina jajjage, ban ji shi da kyau ba. Ko kuma in faɗi gaskiya, ban so ji ba.) Kalma ɗaya na kama: wasa. A ranar na sa 'yata ta cika mini waya da wasannin wasa ƙwaƙwalwa.

Jama'a, na ji daɗin abin nan! Akwai wanda ake kife katuna a nuna maka su sau ɗaya, sai ka tuna inda kowane yake da ɗan'uwansa. Akwai na cike lambobi a gidaje, kada lamba ta maimaita kanta a layi. Akwai wanda za a haska maka hoton kasuwa na ɗan lokaci a ɗauke, a tambaye ka launin rigar mai tumatir. Wannan na ƙarshen shi ne gwanina. Kuma tsakani da Allah na ga amfani. Sunayen mutane suka fara zama a kaina, nakan je cefane in dawo ban bar ko daddawa ba, kuma tsoron nan ya ɗan sassauta. Duk lokacin da wayar ta yi ɗan kiɗan nan na cin nasara, sai in ji kamar an ce mini, ke ba za ki bi Dada ba.

Da na tsaya nan da lafiya lau. Amma ina, ni ba na iya cin abu mai daɗi in yi shiru. Na zama mai wa'azi. Guruf ɗin dangi na waya ya koma ajina, kullum da safe in jefa musu kacici-kacici, wanda bai amsa ba in kira shi da suna. A gidan suna in sa a jera kaya a faranti, in kalla sau ɗaya, a rufe, in lissafo su har da hular jariri. Na taɓa tsare wani dattijon maƙwabcinmu da ya zo gaishe da maigida, na hana shi tafiya sai da ya faɗi watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko. Bai sake zuwa ba sai in ya tabbatar ina ofis.

Ƙanwata Talatu, wadda bakinta ba ya mutuwa, ita ta raɗa mini Goggo Kwamfuta. Da zolaya ta faɗa, ni kuwa na karɓe shi kamar an naɗa mini sarauta. Har amsawa nake yi.

Ana saura kwana biyu biki muka tafi jere, wato shirya wa amarya ɗakinta. Gidan a Gabukka yake, can inda sababbin gine-gine suke ta tsirowa, kuma ban taɓa zuwa ba. Talatu ba ta bi mu ba, tana gida tana fama da suyar cincin. Muka shiga keke daga Bolari da 'yan'uwan uwar amarya, su suka san hanya. Ni kuwa akwai wani mataki na wasan lambobi da ya gagare ni tun safe, na rantse sai na ga bayansa. Tun daga tasha na sunkuyar da kai. Keke ya yi kwana, ya faɗa rami, ya fito, mata suna ta hira, ni ina neman inda zan saka bakwai. Sai da mai keke ya kashe inji na ɗago.

Na ce a raina, to ga ranar gwaninta. Na buɗe ido na ɗauki hoton wurin irin yadda nake yi a wasan kasuwa: tulin yashi a bakin kwana, kurar mai ruwa a jingine da katanga, baƙin get mai zanen ruwan zinare, gidan farko a hannun dama. Na rufe ido na maimaita, komai ya zauna daram. (Ku lura da abin da mai hankali ta zaɓa ta riƙe a unguwar da kowa gini yake yi: yashi da kura.) Muka yi jere har yamma, muka dawo, a hanyar dawowar ma kaina na ƙasa. Na dai ci matakin, in hakan zai rage mini zunubi.

Ranar biki aka ɗaura aure da safe, gida ya cika ya batse. Bashari mutum ne mai tsari, tun farko ya kafa doka cewa 'yarsa za ta kwana ɗakinta kuma a shigar da ita kafin magariba, ba ya son yawon dare da mata da yara. Saboda haka bayan azahar waɗanda muka yi jere da su suka wuce gaba da abinci da turaren wuta, su gyara wuri su jira mu. Bayan la'asar aka fito da Safiyya lulluɓe cikin lafaya, tana kuka, uwarta na kuka, ni ma na ɗan taya su daidai gwargwado. Motoci suka jeru. Sai ga waya daga abokin ango, wanda shi zai ja gaba: tayarsa ta yi faci, yana wurin mai faci, a ɗan jira shi.

Aka fara duban rana. Direban motar amarya ɗan'uwanmu ne da ya zo daga Katsina, shi Gombe duk ɗaya ce a wurinsa. Talatu ta ce a kira waɗanda suka wuce gaba su turo wani ya tsaya mana a bakin titi. Shawara mai kyau, ko? Ni kuwa na gyara mayafi, na ɗaga murya yadda har mazan da ke ƙofar gida za su ji.

“A kira wa? Ina tsaye a nan za a kira wani? Gidan nan yana cikin kaina kamar ni na zana shi. Ku dai ku biyo mu.”

Wata ta ce ai kuwa an manta da Goggo Kwamfuta, aka yi shewa. Ni na shiga gaba kusa da direba, Talatu da amarya da ƙawarta a baya. Wallahi a lokacin ji nake kamar a ƙara mini motoci.

Tafiya ta yi daɗi. 'Yan mata a motocin baya suna waƙa, direbobi suna ta hon, masu keke suna ba mu hanya suna ɗaga hannu. Babban titi kowa ya san shi, sai da muka sauka daga kwalta muka shiga cikin Gabukka na fara shakka. Layukan duk kamarsu ɗaya. Katanga ba filasta, bulo a jibge, ƙarafuna sun miƙe sama suna jiran bene. Direba ya tambaye ni dama ko hagu, na ce miƙe, da murya irin ta wadda ta sani. Ya sake tambaya, na ce hagu, don hagu ta fi yi mini kama da gaskiya. Talatu ta leƙo ta ce, Adda (haka take kirana, wato Yaya), ko dai a yi wayar nan? Ban ko waiwaya ba.

Sai ga shi! Tulin yashi a bakin kwana, sabo fil, rana na haska shi. Na buga cinya na ce wa direba ya karya nan. Kurar mai ruwa ba ta nan, amma na ce ai mai ruwa ba gunki ba ne, ya tafi neman abincinsa. Gidan farko a hannun dama, ga baƙin get mai zanen ruwan zinare, ƙaramar ƙofarsa ma a buɗe kamar ana jiranmu. Na juya na kalli Talatu, kallon da ya fi magana. (Daga baya na gano cewa kusan rabin layin wurin mai walda ɗaya suka yi get, kuma shi zane ɗaya ya iya.)

Aka firfito. Mai guɗarmu ta toshe hanci ta rangaɗa wata guɗa da sai da tattabaru suka tashi daga rufin maƙwabta. Na kama hannun Safiyya, na ce ta yi bismillah ta shiga da ƙafar dama. Ta shiga. Mata suka biyo mu ɗuuu, da kuloli da ƙunshin kaya da yara a goye, tsakar gida ta cika.

A baranda muka tarar da wani dattijo, kansa fari fat, sanye da rigar sanyi, yana zaune gaban ɗan tebur da allon ludo a buɗe. Nan take ƙwaƙwalwar tawa mai kaifi ta yanke hukunci: wannan babba ne daga dangin ango, an ajiye shi ya karɓi amarya. A gidanmu kuwa al'ada ce, duk babban da aka tarar, amarya ta durƙusa a gabansa, goggo ta damƙa amana. Na durƙusar da Safiyya, ni ma na rusuna, na fara jawabin da na kwana biyu ina haddacewa. Na ce ga 'yarmu mun kawo, ba marainiya ba ce amma amana ce, yarinya ce mai kunya, in ta yi kuskure a gyara mata a cikin gida, in ta yi daidai a sa mata albarka.

Talatu tana ta jan gefen mayafina. Tana raɗa mini cewa ba ta ji ƙamshin turare ba, ina mutanenmu, kuma tun yaushe gidan amarya yake da tsohon turmi da shanyar kaya a igiya. Na bige hannunta. Ta ce, Adda, ga kare can a ɗaure. Na ce na gadi ne, ki yi mini shiru.

Dattijon nan ya dafa sanda ya miƙe, fuskarsa ta washe da farin cikin da ban taɓa ganin irinsa ba a wurin karɓar amarya.

“Madalla, madalla. Mun karɓa hannu biyu,” ya ce. “Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo 'ya'ya masu albarka. Ku zauna mana, gida naku ne.”

Aka amsa da amin, mai guɗa ta ƙara wata. Na sake juyawa na kalli Talatu.

A daidai nan labulen falo ya ɗaga, wata dattijuwa ta fito da tire da kofin shayi biyu. Gajeriya ce, da tabarau, da ɗan gicciye a sarƙar wuyanta. Ta tsaya cak. Ta kalli mata cike da tsakar gidanta, ta kalli amarya a durƙushe gaban tsohon, ta kalle ni. Ta yi mana sannu da zuwa cikin natsuwa, sannan ta juya wurinsa.

“Baba, baƙin wa muka yi?”

“Amarya aka kawo mana, Rahila.”

“Wa aka kawo wa?”

Ya ɗan yi tunani. “Ban tambaya ba tukuna.”

Kowa ya juyo yana kallona. Ana haka wayar Talatu ta yi ƙara, ta ɗaga, kuma saboda rashin imani ta sa a sifika. Mutanenmu ne da suka wuce gaba, suna tambaya muna ina, rana na faɗuwa. Wai su dai suna ta jin guɗa ta bayan katanga, da alama wani bikin ake yi a unguwar.

Wata yarinya ce ta fara fashewa da dariya, sai kowa ya ɗauka. Mata suna dafa juna, mai guɗa ta zauna a ƙasa tana share hawaye, 'yan mata suka zaro wayoyi. Kunya kam na ji ta, irin wadda mutum ke jin kunnuwansa sun yi zafi. Amma ba ita ta kayar da ni ba. Ina tsaye a tsakar gidan da ban sani ba, na rantse wa jama'a na san shi, sai na ga Dada a bakin tasha tana tambayar motar Katsina da dukkan gaskiyarta. Na zauna a bakin baranda. Talatu ta matso tana dariya za ta tsokane ni, na riƙe hannunta.

“Talatu, ya fara. Irin na Dada ne ya kama ni.”

Karo na farko ke nan da na faɗi maganar da bakina. Dariyar Talatu ta ɗauke, idonta ya kawo ruwa. Ita ma ashe ta san abin da nake gudu da duk wannan iyayin.

Matar gidan ta ji. Ta ajiye tiren, ta juya ga 'yan matan ta ce kowa ta mai da wayarta jaka, kuma suka mayar, don murya ce ta wadda ta yi shekaru tana riƙe da aji. Mama Rahila sunanta, tsohuwar malamar makaranta, 'yar Kaltungo. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta miƙo mini shayin da ta haɗa wa kanta. Ta tambaye ni sau nawa na taɓa zuwa gidan da muke nema. Na ce sau ɗaya. Ta ce da ƙafa ko a mota? Na ce a keke. Ta ce to a hanya me na gani, wane shago, wane masallaci, kwana nawa aka yi?

Na laluba kaina. Babu komai, ko inuwar abu. Abin da kawai na tuna shi ne gidajen lambobi da bakwai ɗin da ta ƙi zama. Na faɗa mata gaskiya, da murya ƙasa-ƙasa, cewa wasa nake yi a waya, na ƙarfafa ƙwaƙwalwa. Talatu ta saki hannuna ta ce innalillahi, wannan karon ba na tausayi ba.

Mama Rahila ba ta yi dariya ba, ko da yake na ga bakinta na rawa. Ta nuna mijinta, wanda ya koma ya zauna yana tambayar Safiyya ko ta iya ludo. Ta ce Baba Ayuba lissafi ya koyar har ya yi ritaya, shi ya tsaya a kan ginin gidan nan tun daga tushe, amma yanzu akwai ranar da yake tambayarta gidan wane ne suka kwana.

“'Yata, ni ina zaune da mantuwa a gida ɗaya, na san fuskarta,” ta ce. “Shi ya sani ne, abin ya tafi. Ke ba ki taɓa sani ba. Me za ki manta, bayan ba ki kalla ba?”

Ta ce duk da haka in je asibiti a duba ni, don ita ba likita ba ce, kuma tsoro in aka ɓoye shi ƙiba yake yi. Ludon nan ma, ta ce, likita ne ya ba su shawara. Ba warkar da shi yake yi ba. Amma kullum da yamma in suka buɗe allon, yana ƙirga gidaje, yana yi mata tsiya, yana rantsuwa ta yi masa maguɗi, sai ta ga mutumin da ta aura ya dawo na ɗan lokaci. Wallahi wani nauyi na ji ya sauka daga ƙirjina. Ban taɓa jin daɗin a ce mini sakarya ba sai ranar, ko da yake ita da ladabi ta faɗa.

Gidan da muke nema kuwa ta san shi, ta ga ana shiga da gado da kujeru shekaranjiya. Layin bayansu ne. Ta zura silifas ta ce mu biyo ta. Baba Ayuba ya ce atabau sai ya raka amaryarsu, ba a karɓi amana a bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Haka muka fito a ƙafa, Mama Rahila a gaba, tsoho da sandarsa a gefen amarya, mu a baya, motoci na binmu a hankali babu mai hon. A kwanar gaskiya babu ko ƙwayar yashi, magina sun cinye shi sun tayar da katanga. Muna sa ƙafa a ƙofar gidan ladan ya ɗaga murya.

Safiyya kuwa tun daga can jikinta ke rawa a cikin lafaya, kafaɗunta na sama da ƙasa. Dangin ango suka yi ta yaba ta, wai yaran yanzu ba kasafai ake samun mai kukan rabuwa da gida haka ba. Ni da ke riƙe da hannunta na san abin da take yi. Da na zaunar da ita a bakin gado ta raɗa mini cewa, Goggo, ni fa wancan surukin ya fi kwanta mini.

Kafin mu koma Bolari labari ya riga mu. Bashari bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ko akwai sauran gidajen da na ba wa 'yarsa, don ya san inda zai riƙa kai gaisuwa. Washegari da safe wani ɗan'uwa ya jefa kacici-kacici a guruf, wai mene ne yake da kwamfuta amma ba shi da taswira. Har waɗanda ba su taɓa amsa nawa ba sun amsa wannan.

Na je asibiti, Talatu ta raka ni. Likita ya yi mini tambayoyi, ya ba ni kalmomi in riƙe, ya sa na zana agogo, aka auna ni. Ya ce bai ga abin da nake tsoro ba, amma jinina ya ɗan hau, kuma barcina ya yi kaɗan. Da ya ji abin da ke hana ni barcin sai ya cire tabarau ya goge. Ya ce wasannin suna da kyau, in ci gaba, amma a yi su a zaune a gida, ba a kan hanya ba, a haɗa da tafiya da barci da hira da mutane. (Wato dai rabin bayanin nan da jajjage ya cinye.) Bai yi mini alkawarin gobe ba, ni ma ban nema ba. Abin da na ɗauko daga wurinsa da wurin Mama Rahila ɗaya ne: ƙwaƙwalwa komai kaifinta abin da ka ba ta take ajiye maka, ni kuwa yashi na ba ta.

Bayan sati na ƙulla cincin da alkaki na koma Gabukka ba da haƙuri, kaina a sama tun daga Bolari, ina karanta allon kowane shago kamar 'yar aji ɗaya. Na tarar da su a baranda. Mama Rahila ta ce dama ludon mutum biyu ba ya armashi, in ja kujera. Tun daga ranar kusan kowace Asabar ina can, wani lokaci har Safiyya ta zagayo ta zama ta huɗu. Baba Ayuba yana cinye ni fiye da yadda zan so in faɗa. Sunana bai taɓa zama a kansa ba, kullum sai matarsa ta sake gabatar da ni, kuma na yi ta lallashin kaina da cewa a duk faɗin Gombe akwai mutum ɗaya da abin kunyata ya wuce masa.

Asabar ɗin da ta wuce ina shiga get ya ɗago kai ya ƙura mini ido. Mama Rahila ta buɗe baki za ta faɗi sunana kamar kullum, ya ɗaga mata hannu, fuskarsa ta washe.

“Bari, na san ta,” ya ce. “Ai ita ce mai kawo mana amarya. Yau ke kaɗai kika zo?”